Yadda Ake Yi Wa Gwani Gyara

Ina roƙon a yi mini haƙuri yau in kawo wata magana wadda a ganin farko ta likitoci ce, alhali kuwa babu ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da zai ce ba ta shafe shi ba, tun da yake babu wanda ya san ranar da za a kwantar da shi, ko iyalinsa, ko ɗansa, a ƙarƙashin wuƙar likita.

Ni mutumin Yauri ne, kuma ba likita ba ne. Aikin gwamnati na yi har na ajiye, shekarun ƙarshe kuwa na yi su ina sakataren wani babban asibiti wanda ba zan ambaci sunansa ba. Aikina bai wuce takardu da albashi da sayen man injin wuta ba. Amma kafin in shiga zancen asibiti, bari in fara da kawuna, domin a wurinsa na fara ganin abin da nake son faɗa, ko da yake sai da na yi furfura kana na gane shi.

Kawu matuƙin jirgin ruwa ne, wanda ya san kogin Kwara daga Yelwa har tsohuwar Busa kamar yadda mutum ya san tsakar gidansa. Babu dutse ko gurbi da bai san sunansa ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye gungu-gungu da garuruwa, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni, kogin da Kawu ya sani kuma ya zama tafki. Itatuwan da ruwa ya rufe suna nan tsaye a ƙasa, kututturansu na jiran cikin jirgi. Samari suka fara cewa a riƙa kafa gora a wuraren da aka san akwai kututture, a kuma riƙa kewaye su. Kawu ya ce shi tun iyayensu ba su yi aure ba yake tuƙi. Ba a daɗe ba kututture ya tsaga masa jirgi cike da albasa a hanyar kasuwar Yelwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kaya sun tafi. Duk wanda ya tuna da jirgin da ya nutse kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, ranar 26 ga Mayu 2021, ɗauke da mutane fiye da 150, ya san ruwan nan ba ya tambayar shekarun matuƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Samari sun yi ta yi masa dariya a bakin ruwa, shi kuwa sai ƙara kafewa yake yi. Wata rana bayan sallar isha'i wani tsoho sa'ansa, wanda suka yi ƙuruciya tare, ya zo suka shiga zaure su biyu, suka daɗe. Kafin mako ya zagayo Kawu ne da kansa ke kan gaba wajen kafa gora, yana yi wa samari faɗa a kan sakaci, kai ka ce shi ya ƙago dabarar. Babu kuma wanda ya tuna masa.

To, a asibitin da na yi aiki akwai wani likitan fiɗa wanda ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Daga Shanga ake zuwa wurinsa, daga Ngaski, daga ƙauyukan ƙetaren tafki. Na san daren da injin wuta ya mutu yana tsakiyar aiki, ya ƙarasa da fitilar hannu, matar kuma ta tashi da jaririnta. Ba ya karɓar ko sisin kwabo a bayan fage. Akwai yara da yawa a bakin tafki da aka sa wa sunansa. Ina faɗar wannan ne domin kada mai karatu ya ɗauka labarin mugun likita zan bayar. Da mugu ne, da maganar ta yi sauƙi.

Wani dare aka kawo masa wani mai fataucin busasshen kifi, ɗan'uwan mai ɗakina, ƙaba ta murɗe masa hanji. Likita ya yi aiki har kusan asuba, shi ne kuma aiki na huɗu a wannan yini. Mutumin ya farfaɗo, aka sallame shi, muka yi ta godiya. Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya kumbura, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida har jiki ya yi nisa kafin a sake ɗauko shi. Da aka sake buɗe cikin, sai ga ƙyallen da ake tsane jini da shi, guda ɗaya, an manta shi a ciki. Kwana uku ya ƙara a duniya. Ya bar mata biyu da ƙananan yara.

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ni ma haka na ce, kuma haka na yi imani. Amma ina zaune a kan tabarma ina jin nauyi a ƙirjina, domin na san abin da su ba su sani ba. Malamanmu sun karantar da mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Ban taɓa jin malamin da ya ce yana ɗauke wa mai aiki nauyin ƙirga kayan aikinsa ba.

A wannan lokaci an riga an san maganin irin wannan kuskure. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai shafi ɗaya, ni ina kiranta takardar tuni, mai ɗauke da abubuwa 19 da ma'aikatan ɗakin fiɗa za su tambayi juna da baki, a tsayawa uku. Kafin a sa majiyyaci barci a tabbatar da sunansa, da aikin da za a yi masa, da gefen da za a yanka, a tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya ɗauka, ko ana tsoron ya zubar da jini fiye da rabin lita. Kafin wuƙa ta taɓa fata kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar an yi allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fitar da shi kuma a ƙirga almakashi da allurai da ƙyallaye, a ga abin da ya shiga shi ne ya fito. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin wani likitan fiɗa na Amurka, Atul Gawande. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin bayan fiɗa kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Da na sami wannan takarda, sai na yi abin da ma'aikacin ofis ya iya. Na sa aka buga ta da yawa, na rubuta takardar umurni, shugaban asibiti ya sa hannu, aka manna a bangon ɗakin fiɗa. Bayan wata guda na aika a kawo mini fayil-fayil, na ga kowace takarda an cike ta tsaf, babu gurbi ko ɗaya. Na yi murna. Sai wata rana na leƙa ɗakin ma'aikatan jinya da la'asar, na tarar da wata yarinya sabuwar ɗauka da tarin takardun a gabanta, tana bin su da biro ɗaya bayan ɗaya, na majiyyatan da tuni aka mayar da su gadajensu. Duk ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan ya san irin wannan cikawa.

Raina ya ɓaci, na kuwa tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. A taron shugabannin sassa, gaban kowa da kowa, har da yaran da yake koyarwa, na tayar da maganar ƙyallen nan. Likita ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce, "Malam Sakatare, ran da ka taɓa riƙe wuƙa a kan cikin ɗan Adam da ƙarfe ukun dare, ka zo ka koya mini aikina." Ya tashi ya fita. Wata uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, takardar kuwa ta zama abin ba'a, ana ce mata takardar Sakatare.

Daga baya na karanta cewa ba ni kaɗai na faɗa wannan rami ba. Lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ya wajabta takardar a kan asibitocinsa da ƙarfin doka, amma da aka binciki asibitoci 101 aka buga sakamako a 2014, ba a ga wani sauƙin mace-mace na a zo a gani ba. A jihar Karolina ta Kudu ta Amurka kuwa, inda asibitoci suka shiga don ra'ayin kansu, kowanne ya gyara takardar daidai da halinsa, asibitoci 14 da suka kai ƙarshen shirin sun ga mace-macen bayan fiɗa sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Takarda iri ɗaya ce. Hannun da ta shigo ta cikinsa ne ya bambanta.

Na kuma karanta labarin Ignaz Semmelweis, na ga kaina a ciki, sai dai ni ba ni da iliminsa. A 1847, a babban asibitin Biyana, ya gano cewa likitoci ne da hannuwansu ke ɗauko cuta daga ɗakin gawa su kai wa mata masu haihuwa. Ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego ta faɗo daga kusan kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 'yan watanni. Gaskiya tsagwaronta tana hannunsa. Amma da manyan likitoci suka ƙi karɓa, sai ya shiga rubuta musu wasiƙu a bainar jama'a yana kiransu masu kisan kai. Suka ƙara toshe kunne. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, mata kuwa suka ci gaba da mutuwa shekaru bayansa. Malamai sun daɗe suna raba tsakanin nasiha da tozarci, ni kuwa na sha jin wannan a wurin karatu, amma ranar da na buƙace shi ban tuna ba.

Cikin watannin nan uku na zauna na yi tunanin abin da ke hana gwani karɓar gyara, na ga cewa kiransa girman kai kawai ragon bayani ne. Da fari dai gwani shaidarsa a gabansa take. Waɗanda suka warke su ne ke dawowa da kaji da buhun shinkafa suna godiya. Wanda ciwo ya ruɓe masa bayan ya koma ƙauye a ƙetaren ruwa, sau da yawa wurin mai maganin gargajiya zai nufa, ko wani asibiti, ko kabari, labarinsa ba ya dawowa. Kamar ɗan kasuwa ne wanda rumfarsa kullum cike take da masu saye, bai taɓa zama ya ƙirga kaya ba; in ka ce masa yana asara, zai nuna maka cinkoson da ke ƙofarsa. Bayan haka, mutumin da zai tsaga cikin ɗan'uwansa yana da rai dole ne ya kasance ya yarda da hannunsa yarda mai ƙarfi, in ba haka ba hannun zai yi rawa. Wanda ya zo yana sa masa shakka, jarinsa ya taɓa. Sa'an nan ga abin da ba a faɗa: takardar nan tana bai wa ƙaramar ma'aikaciyar jinya bakin da za ta ce wa babban likita ya dakata. A ƙasarmu, inda yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wadda ta buɗe mini hanya ita ce babbar sistar ɗakin fiɗa, dattijuwa mai ƙarancin magana. Ta ce mini, "Alhaji, ka bar kawo masa lissafin Turawa. Kai masa nasa." Ashe shekara da shekaru tana da wani littafi nata na kanta, inda take rubuta duk wanda aka yi wa aiki, da wanda ɗinkinsa ya yi ruwa, da wanda aka sake buɗewa, da wanda ya rasu. Babu wanda ya sa ta. Abin da wani likitan Boston, Ernest Codman, ya yi ta kira a yi ke nan tun farkon ƙarni na ashirin, watau a bi kowane majiyyaci har a ga ƙarshen al'amarinsa. Abokan aikinsa suka ƙi, ya bar babban asibitinsu a 1914, ya kuma buga sakamakon nasa ƙaramin asibiti da hannunsa: majiyyata 337, kurakurai 123.

Na ɗauki littafin nan bayan isha'i na tafi gidansa ni kaɗai. Na fara da ba shi haƙuri a kan abin da na yi a taro, domin na yi laifi. Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, ni ban iya karanta wannan ba. Kai ne za ka gane abin da ke ciki." Na ajiye na tafi. Ban ƙirga masa kome ba, ban ja layi a ƙarƙashin kome ba. Abin da ya gani a ciki amana ce tsakaninsa da littafin.

Kwana goma bai ce mini uffan ba. Ran na sha ɗaya ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, ya zauna, ya kawo zancen da ban zata ba, na Dokta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya zauna a asibitin Babbar Ruga ta Katsina tun farkon shekarun 1980 yana ɗinkin mata masu yoyon fitsari. Ya ce abin da aka koya musu a makaranta shi ne, in mace ta sami yoyon fitsari wajen haihuwa, a jira wata uku kafin a taɓa ta. Waaldijk ya saɓa wa wannan, ya riƙa sa robar fitsari nan take, ya kuma yi ɗinki da wuri, kuma kowace mace ya taɓa sai ya rubuta abin da ya yi da abin da ya biyo baya. A 2004 ya buga sakamakon mata 1,716, inda wajen kashi 15 cikin ɗari suka warke da robar kaɗai ba tare da wuƙa ba. Likita ya ce, "Ka ga wannan, ba wanda ya isa ya yi masa gardama, domin littafinsa na hannunsa. Ni shekara nawa ina aiki, ashe littafina na hannun Sista."

A nan ne na yi masa tambaya ɗaya tak, wadda ba ni na ƙago ta ba. Masu gwajin takardar sun yi wa ma'aikatan asibitocin nan takwas ita, har da waɗanda ke ganin takardar ɓata lokaci ce: in kai za a yi wa fiɗa, kana so a yi amfani da ita? Kashi 93 cikin ɗari suka ce suna so. Na ce, "Likita, in Hajiya ce a kan teburin, wani ne kuma ke riƙe da wuƙar, a ƙirga ko kada a ƙirga?" Ya yi murmushi bai amsa ba.

Abin da ya yi shi ne ya cire takardata daga bango. Ya zauna da Sista da mai ba da maganin barci suka rubuta tasu. Suka soke abin da bai dace da mu ba, suka ƙara abin da Turawa ba su sa ba: akwai mai a injin wuta? Fitilar hannu na da batir? Jinin da 'yan'uwa suka bayar ya iso, ko yana can ana gwaji? Ya sa aka kafa allo, ana rubuta adadin ƙyallaye da alli kafin a fara. Ya hana a cike kome da biro bayan aiki, ya ce da baki za a yi, da Hausa in majiyyaci bai ji Turanci ba. Sunanta ya tashi daga takardar Sakatare ya koma tsarin Likita. Na ji ɗan zafi a raina, ba zan ɓoye ba, sai na tuna da Kawu da gorarsa, na kama bakina.

Ranar gwaji ta zo bayan 'yan makonni, Sista ce ta ba ni labari. An gama aiki, Likita ya fara rufe ciki, sai yarinyar nan mai cike takardu da biro ta ce, murya na rawa, ƙyalle ɗaya bai cika ba. Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya san cewa abin da zai fito daga bakinsa a wannan lokaci shi ne zai zama doka, ba abin da ke allo ba. Ya tsaya. Ya warware ɗinkin da ya fara, ya laluba ciki, babu kome. Aka yi ta nema wajen sulusin sa'a, daga ƙarshe aka sami ƙyallen a ƙasa, ya manne a gindin bokiti. Watau dai yarinyar ta tsayar da babban likita a kan abin da ba ya cikin majiyyaci. Da ya gama rufewa ya cire safar hannu, ya dube ta ya ce, "Gobe ma in bai cika ba, ki faɗa."

Kada in sa mai karatu ya ɗauka kome ya gyaru. Akwai wani likitan da har aka yi masa canjin wurin aiki bai taɓa yarda ba, in Sista ta fara tambayoyi sai ya riƙa duban agogo. Kuma takarda ba ta haifar da jini a ma'ajiya, ba ta ƙara yawan ma'aikata. Wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majiyyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ya nuna cewa wanda aka yi wa fiɗa a Afirka haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran duniya sau biyu, ko da yake majiyyatanmu sun fi ƙuruciya, kuma mafi yawan mutuwar ba a kan teburin fiɗa take faruwa ba, a ɗakin kwanciya ne cikin kwanakin da ke biye, inda ma'aikaciya ɗaya ke tsaron gadaje masu yawa da dare. Wannan kuwa ba laifin mai wuƙa ba ne, yana wuyan irinmu masu riƙe da fayil da kasafin kuɗi, mu ma kuma ba mu fi likitoci son a buɗe mana littafinmu ba.

Shekara biyu bayan na ajiye aiki, ni ma ƙaba ta kama ni. 'Ya'yana suka ce a tafi Sakkwato ko Abuja, na ce a'a, a mai da ni inda na sani. Aka kwantar da ni a kan teburin nan da na sha sa hannu a takardar sayen fitilunsa, ina kallon allon alli a bango. Likita ya shigo, fuska a rufe sai idanu. Mutumin da muka yi shekaru muna sallar Juma'a a sahu ɗaya, wanda ya halarci ɗaurin auren 'yata, ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, faɗa mana sunanka, da aikin da za a yi maka, da kuma gefen da za a yi."

Na faɗa masa. Wata yarinya da ban sani ba ta duba takarda ta ce haka ne, na dama ne. Sa'an nan mai maganin barci ya ce in yi bisimilla.